Ɗorawar da Na Ɗauko daga Paraku

Tun da na dawo daga Paraku matan zumuntar cocinmu ba su bar ni na huta ba. Wadda ta zo karɓar ɗinki sai ta baje a benci ta ce in ba ta labarin ƙasar masu Faransanci. Wadda kuma ta leƙa ɗakin Baba ta ga abin da ke rataye a bango, sai ta fito tana tambaya wai da gaske ni na yi shi da hannuna. Bakina ya gaji da maimaitawa, keken ɗinki kuma ba ya taka kansa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai son ji ta karanta, ni kuma in koma kan aikina.

Sunana Saratu, tela ce ni a Akurba, nan gefen Lafiya. Ba koyon zanen hoto ne ya kai ni Jamhuriyar Benin ba. 'Yata Rifkatu ce ta haihu a can, inda mijinta yake gyaran babura, kuma haihuwar fari ce, dole uwa ta je wankan jego. Amma kafin mu kama hanya sai na faɗi abin da na bari a gida, don shi ne ya bi ni har can.

Baba manomin doya ne a Agyaragu tun ba a haife ni ba. A tsakiyar gonarsa akwai wata babbar ɗorawa, wadda daga ita Mama ke samun kalwar daddawarta. Mama tana da wata doguwar gora mai ƙugiya a kai, ta ɗaure ƙugiyar da jan ƙyalle, da ita take kaɗo 'ya'yan ɗorawa. Abin dariyar shi ne ko ba lokacin ɗorawa ba ne sai ta saɓa gorar nan in za ta gona, ga kwanon abinci a ka. Mun sha tsokanarta muna cewa Mama za ta yaƙi, ita kuwa ko ta kanmu ba ta bi. Bayan rasuwarta, da damina ta zagayo, iskar ruwan farko ta tumɓuke ɗorawar. Daga nan Baba ya daina zuwa gona. Muka ɗauko shi ya dawo wurina, a ɗakin da tagarsa ke kallon katangar maƙwabta.

Likita ya duba shi ya ce babu wata cuta, tsufa ne da damuwa. Amma mutumin da a da sai an ƙara masa sakwara ya koma loma biyu ya ture kwano. Ni nake rage wa wandunansa ƙugu, don haka na fi kowa sanin yadda yake zubewa. Ranar tafiya na durƙusa na yi masa sallama, ya ce Allah ya kiyaye hanya, idonsa na kan katanga. Na bar shi a hannun Lami, matar ƙanena, na fita da tsoron kada in dawo in tarar babu shi.

Ban taɓa wuce Abuja ba, saboda haka na maƙale wa Hajiya Falmata, mai sayar da atamfa a kasuwar Lafiya, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Tun a tasha ta dubi buhuna ta ce ko ƙaura zan yi. Na ce kayan jego ne: kanwa, yaji, busasshen kifi da daddawa. Ba mu kai Keffi ba rana ta taɓa buhun, daddawar nan ta fara gaishe da mutanen mota ɗaya bayan ɗaya. Wani saurayi mai kwat ya toshe hanci da hankici yana cewa, "Direba, abeg, wani abu ya mutu a motan nan." Kunya ta kama ni na sunkuyar da kai. Hajiya ta juya ta tambaye shi da me uwarsa take miya, da turare? Mota ta kwashe da dariya, har shi kansa. Kafin mu haye gadar Jebba ya saya mana soyayyen kifi, ya kuma nuna mana hoton yarinyar da zai aura.

A Ilori muka kwana, a gidan wata abokiyar cinikin Hajiya. Matar ta karɓe mu hannu bibbiyu, ta kawo amala, tuwon garin doya, da miyar da barkono ya fi ruwa yawa a cikinta. Ina ci ina hawaye, ita kuma ta ɗauka daɗi ne ya ratsa ni, sai ta ƙara mini. Da safe muka shiga wata tsohuwar mota zuwa Cikanda, inda iyaka take. Hanyar ba ta da kirki ko kaɗan. Ƙofar gefena da igiya aka ɗaure ta, kuma duk ramin da muka faɗa sai direba ya ba motar haƙuri, ba mu ba.

Ni a zatona iyakar ƙasa wata doguwar katanga ce, ko wani babban kogi. Da muka isa na ga sanda ce aka gitta a kan durom biyu, akuyoyi suna wucewa ta ƙarƙashinta babu mai tambayarsu takarda. A ɓangaren can wani jami'i ya buɗe buhuna, ƙamshin ya buge shi, na ce shi ke nan daddawar jego ta tafi. Sai na ga ya lumshe ido, ya ce wa abokin aikinsa wani abu da yarensu. Hajiya ta raɗa mini cewa wai haka ɗakin uwarsa yake ƙamshi. Na miƙa masa curi ɗaya, ya yi dariya ya ƙi karɓa, ya ɗaure mini bakin buhun da kansa. Da muka kama hanyar Paraku sai ga ɗorawa hagu da dama a gonakin mutane, irin tamu sak. Ban san lokacin da na juyar da fuska daga taga ba.

Paraku gari ne na babura kamar Lafiya, sai dai 'yan acaɓarsu riga iri ɗaya suke sawa, kowa da lambarsa a baya. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ga tauri, ranar farko har dasashina ya yi jini. Da rana ta take sai ka ga an rufe shaguna an tafi hutawa, abin da in na yi a Akurba masu ɗinki za su ɓalle mini ƙofa. Mu mutanen doya muna ganin babu wanda ya kai mu iya sakwara, to a nan kam sai na yi shiru. Tasu laushi gare ta, suna ci da miyar gyaɗa da soyayyen cuku na nonon shanu. Na samu Rifkatu lafiya, jaririya kuma mace, an sa mata sunan Mama. Muka tura hotonta gida. Lami ta ce ta nuna wa Baba, ya ce Allah ya raya, ya mayar mata da wayar.

Mai gidan da su Rifkatu ke haya wata dattijuwa ce, Madam Selestin, tsohuwar malamar makaranta, mijinta ya rasu. A kasuwa ta koyi Hausa, kuma kowa "kai" take ce masa, mace ko namiji. Kullum da la'asar takan zauna a baranda da yadi mai kauri da aka ɗame a katako, tana zane. Wata rana na fito zubar da ruwan wanka na ga ta zana kaɗanya, har ka ce iska za ta kaɗa ganyen. Na tsaya da baho a hannu na kasa gaba na kasa baya. Ba mu da hoton ɗorawarmu ko ɗaya, wa zai ɗauki hoton itace? Na ajiye bahon na ba ta labarin Baba, na roƙe ta ta zana mini ɗorawa in kai masa, ko zai samu abin kallo da ya fi katanga.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta jawo wata kujera da ƙafa.

"Ni ban san itacen babanka ba," in ji ta. "In na yi, itacena ne zai fito. Kai ka san shi. Zauna, Maman bebi."

Na ce ni tun firamare rabona da zane, kuma ko a lokacin malam cewa ya yi kazata ta fi kama da buta. Ta ce wanda ke iya zura zare a allura ba zai gagara riƙe burushi ba.

Fentin da take aiki da shi akirilik ake ce masa. A cikin 'yan robobi yake zuwa kamar man goge baki, da ruwa ake sirka shi, amma in ya bushe ruwa ba ya wanke shi. Kuma ba ya jiran kowa. Ranar farko jaririya ta yi kuka, na ajiye burushi na ruga, kafin in dawo ya sandare, gashinsa ya wawwatse. Na rasa inda zan sa kaina, sabon burushin mutane. Madam ta juya shi a hannu ta ce in adana shi, yanzu ne ma ya zama na ganye. Daga ranar ta sa mini gwangwanin ruwa a gefe, duk burushin da na ajiye a ciki zai zauna. Fentin kuma a kan jiƙaƙƙen ƙyalle muke matsa shi a faranti, don kada zafi ya busar da shi kafin a yi amfani da shi.

A kan kwalaye na fara. Ta ce sama ake fara shafawa a bar ta ta bushe, sannan itace ya hau kanta. Gindi ya yi kauri a ƙasa, yana hawa yana sirancewa, kowane reshe ya fi uwarsa siranta. Nawa na farko ya miƙe sambal kamar turken lantarki, rassa biyu a dama biyu a hagu. Ta tura ni bakin titi in kalli itacen mangwaro in dawo in gaya mata ko na ga reshen da ya yi daidai da ɗan'uwansa. Ban gani ba. Na kuma gano cewa jikin itace ba ruwan ƙasa ba ne kawai kamar yadda muke shafawa a makaranta, akwai toka-toka a ciki, gefen da rana ke bugu ya fi haske, ɗaya gefen har da ɗan shuɗi.

Wurin ganye ne telancina ya tona mini asiri. Na ɗauki ƙaramin burushi na shiga jera ganye ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tsinkensa, tazararsu daidai wa daida, yadda nake aikin wuyan riga. La'asar guda na ɓata a reshe ɗaya, ina jin kaina. Madam ta zo ta duba, ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce wannan leshi ne na amarya. Raina ya ɗan sosu, don ni a Akurba ba a yi wa aikina dariya. Sai ta kama hannuna ta kai ni ƙarshen tsakar gida, ta nuna mangwaron nan ta ce in ƙirga mata ganyen. Na ce daga nan ai ba a ganin ganye, sai duhu da haske. Ta ce to abin da zan zana ke nan.

Ta yago guntun soson katifa, ta tsattsage bakinsa don kada ya yi santsi. Kore mai duhu ake fara dangwalawa, wanda aka sa wa ɗan shuɗi, a yi ta ɗorawa ana ɗagawa, ba a gogawa. In ya bushe a bi da kore na tsakiya, amma kada a rufe na farkon duka. Daga ƙarshe a sa mai haske, wanda aka haɗa da rawaya, a gefen rana kaɗai, da burushin nan da na lalata. Ta hana ni cike ko'ina, ta ce in bar ƙofofin da tsuntsu zai bi ya wuce, sama ta riƙa leƙowa. A gindi kuma a shimfiɗa inuwa, in ba haka ba itacen zai yi kamar yana shawagi. Siraran rassa sun ba ni wuya, sai ta nuna mini dabara: a yanki kwali, a tsoma bakinsa a fenti, a danna a ɗaga, layi ya fito siriri a miƙe. Wani abin da ya riƙa ruɗa ni shi ne fentin yakan ƙara duhu in ya bushe, don haka na koyi haɗa shi da ɗan haske fiye da yadda nake so.

Ina cikin wannan Lami ta kira ta ce Baba ya daina taɓa tuwo, sai kunu, shi ma rabin kofi. Rifkatu ta ce in tafi, ta ji ƙarfi, maƙwabta za su taya ta. Madam kuwa ta ɗauko sabon yadi ta ɗora mini a gaba. Na rufe ido na nemo ɗorawarmu: yadda ta karkata wajen rafi, babban reshen da ya miƙe ta gabas inda muke lilo, kogon da ke gindinta. Jajayen furanninta masu reto kamar tuntun hula da kan ɗan yatsana na ɗiga su. Da na gama na je ƙarshen tsakar gida na juyo, sai na ga ɗorawarmu tsaye, na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata.

Da za mu rabu Madam ta cire yadin daga katako ta naɗe, ta zura shi a guntun bututun ruwa. Ta haɗa mini da ragowar fenti, da burushina mai wawwatsen gashi, da yankin kwali. Na ce ai na gama, me zan yi da su? Ta ce mai itace bai gani ba tukuna. Muka rungume juna, ita tana Faransanci ina Hausa, kowa ya gane abin da ɗan'uwansa ke faɗi.

Ni kaɗai na dawo, Hajiya ta riga ni. Ruwa ya kama mu bayan Cikanda, motar kuma rufinta yana yoyo daidai kaina. Bututun na rungume a ƙirji kamar jariri, wata mata har ta tambaye ni ko takardun fili ne a ciki. Ruwa ya shiga ta ɗaya bakin bututun, amma da na buɗe a Ilori ko ɗigo bai zuba daga fentin ba. Daga nan har Lafiya ban san me muka wuce ba, addu'a kawai nake yi in same shi.

Na same shi, amma ya kusa ƙarewa. Wuyansa ya zama siriri, rigar da na ɗinka masa bara tana reto a jikinsa. Kafinta na kusa da shagona ya ɗame mini yadin a katako, na rataye shi a bangon da ke fuskantar kujerar Baba, na juyar da kujerar daga taga. Ya daɗe yana kallo, har na fara tunanin ko idonsa ba ya kaiwa. Can sai ya ɗaga hannu ya nuna reshen gabas, ya ce a nan ƙanena ya faɗo ya karye. Ya nuna kogon, ya ce akwai damon da ya fi shekara yana zaune a ciki. Daɗi ya kama ni, na yi wa Lami ido ta kawo abinci. Ya dubi kwanon, ya sake duban zanen, ya girgiza kai.

"Itacen ya yi," ya ce da Hausarsa ta ƙauye, wadda ba ta raba mace da namiji. "Amma mamanku bai zo ba tukuna."

Na ɗauka ruɗewar tsufa ce. Na durƙusa na ce, "Baba, Mama ai ta rasu."

"Na sani, Saratu. Ni na binne shi." Ya nuna gindin ɗorawar. "Babu gora. In ina can ƙarshen gona ba na jin kira. Sai na ɗaga kai na ga gora ya jingina da itace, jan ƙyalle a sama, na san abinci ya zo. Ban taɓa ci ba sai na gan shi."

Ashe gorar da muka yi shekaru muna yi wa dariya, sallama ce tsakaninsu. Na tashi na zazzage jakata a tsakar ɗaki, na ɗauko fentin da kwalin Madam. A murfin kwano na haɗa rawaya da ɗan ruwan ƙasa da fari, na sa ta ɗan fi haske don na san za ta yi duhu. Na tsoma bakin kwalin na danna daga ƙasa, na ɗaga, na sake dannawa a samansa, har gorar ta miƙe ta jingina da babban reshe. Sannan na tsoma kan ɗan yatsa a ja na ɗiga a samanta.

Baba ya sunkuyo gaba yana kallo har fentin ya bushe. Ya ce in ɗan matsar da kujerarsa kusa, ta gefen da inuwar take. Muka ɗaga shi ni da Lami muka matsar. Ya gyara zama, ya naɗe hannun rigarsa.

"To, ya zo," ya ce. "Ba ni ruwa in wanke hannu."